Jirgin da Ba Ya Saurin Miƙewa

Duk Bahaushen Deira, tsohuwar unguwar kasuwa ta Dubai, da zai ba ka labarin Malam Jamus, a wuri ɗaya yake ƙarewa: wai wani tsohon Bature ne mai shisshigi da ya ja wa mahaifina asara a banza, tunda ai jirgin ya isa lafiya, ko kwali ɗaya bai jiƙe ba. Sun yi kuskure dukkansu, har da yayana wanda saboda shi aka yi rigimar. Ni ina wurin. Da bakina ma aka yi maganar, don haka ba wanda zai gyara mini ita.

Na san za a ce yarinya kamata me ta gani da har za ta zauna tuna baya. To, a garin nan ba sai ka yi furfura ba. Kafin ka gama sakandare an riga an sake wa unguwarku fuska. Ni a unguwar Al Ras na tashi, a wani ɗan filat a saman shagon kayan yaji, inda ƙamshin kanumfari da busasshen lemun tsami ke bin mu har cikin kayan makaranta. Umma tana tuƙa tuwo da miyar kuka tana sayar wa 'yan kasuwar Kano da suka gaji da shinkafar Indiyawa, ni kuma in na dawo makaranta aikina ɗaukar kula zuwa bakin ruwa, inda Baba yake wuni wajen lodi. A lokacin jiragen katako suna jere a bakin mashigin tekun da ya ratsa garin, ɗaya a jikin ɗaya, kaya kuwa a zube a fili babu mai gadi: tayoyi, katifu, buhunan shinkafa, firji a kwali, har motoci. Kana jin fat-fat-fat na ƙananan kwale-kwalen da ke tsallakar da mutane, da waƙar leburori, da kukan igiya in ta sha nauyi, ga kiran salla yana tasowa daga gaɓa biyu yana haɗuwa a tsakiyar ruwa. Yanzu je ka duba. An kwashe manyan jiragen an kai su can bakin teku bayan shinge, sai da takarda ake shiga. Abin da ya rage a mashigin jiragen cin abinci ne masu fitilu kala-kala, baƙi suna ɗaukar hoto. Ni ko kallonsu ba na son yi.

A nan bakin ruwan na san Baturen. Dogo ne, ya ranƙwafa, fatarsa ta yi ja kamar an gasa, kullum yana zaune a kan dunƙulen ƙarfen da ake ɗaure igiya, da malafa a kansa. Hausawa suka sa masa Malam Jamus, kowa kuma da nasa bayanin. Wasu su ce ɗan leƙen asiri ne, wasu su ce matarsa ce ta gudu ya zautu. Ni ba ni da haƙurin jita-jita, rannan kawai na dire kula na tambaye shi da Turancin makaranta abin da yake kallo kullum kamar mai jiran bashi. Ya nuna mini wani jirgi ya ce wancan lafiyarsa ƙalau, ya nuna wani ya ce wannan kuwa yana da ɗan ciwo. Na ce masa jirgi ba ya ciwo. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in dawo gobe da baho.

Na saci bahon wankin Umma na kai. Ya cika shi da ruwa, ya fito da gwangwanin kifi da 'yan notina daga aljihu. Ya zuba notinan a cikin gwangwanin, ya ce in danna gefe in saki. Na danna, gwangwanin ya yi firgigit ya miƙe yana rawa. Sai ya kwashe notinan, ya ɗora akwatin ashana a tsaye a ciki, ya jera su a samansa, ya ce in sake. Wannan karon ya kwanta a hankali, ya tsaya kamar mai tunani, sannan ya taso cikin natsuwa. Ya tambaye ni wanne zan hau. Na ce na biyu mana, ai ya fi hankali. Sai ya ƙara noti ɗaya a sama, ya hura masa iska da baki. Gwangwanin ya kife. Ya ce jirgin da ke jijjiga ka yana sa ka amai, nauyinsa na ƙasa, yana da ƙarfin tashi. Wanda yake lallaɓa ka kuwa, nauyi ya hau masa kai, ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Ranar na sha faɗa wajen Umma saboda bahonta ya koma ƙarnin kifi.

Tarihinsa guntu-guntu na same shi, don ba mai son labari ba ne. A wani gari na bakin teku a arewacin Jamus aka haife shi, inda sanyi ke fasa leɓe. Ubansa mai walda ne a ma'aikatar ƙera jirage, shi ma da sharar ɓurɓushin ƙarfe ya fara. Ya yi karatu ya zama injiniya, ya shafe ƙuruciyarsa yana zana wa sojojin ruwan ƙasarsu jiragen yaƙi, waɗanda ya ce kullum fatansa su tsufa su yi tsatsa ba a harba komai daga cikinsu ba. Daga baya ya ajiye ya koma koyarwa a makarantar ƙera jirage, kuma ya ce duk sabon ajin da ya shiga, kafin ya taɓa allo sai ya sa an kawo baho. Dalili kuwa, yana yaro akwai maƙwabtansu masunta da jirginsu ya kife a lokacin hunturu, bai huje ba, bai daki dutse ba. Ƙanƙara ce ta yi ta daskarewa a samansa. Mutum ɗaya da ya tsira ya ce suna cikin murna ne jirgin ya daina wahalar da su, har sun samu sun sha shayi. Aikin gyaran jirage ne ya kawo shi Dubai da girma ya kama shi. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana ta kira ya koma gida, ya ƙi, saboda jiragen katakon nan. Yana girmama maƙeransu ƙwarai, mutanen da ke ƙera jirgi ba zane ba takarda, da ido da hannu kawai. Yakan ce jiragen ba su da laifi, masu lodi ne ke cutar su.

Shekarar da abin ya faru, Baba ya tattara duk ƙarfinsa ya sayi firiza masu yawa, zai aika Port Sudan wajen wani abokin cinikinsa, Bahaushen can, a sayar kafin azumi lokacin da kowa ke neman ƙanƙara. Yaya ne zai raka kayan, an rubuta shi cikin ma'aikatan jirgi. Tafiyarsa ta farko ke nan, har baƙin tabarau ya saya. Baba da kansa ya zaɓi jirgin, kuma ga yadda ya zaɓa: mutumin Kano ne, ruwan da ya fi sani shi ne na rijiya, duk jirgin da ya taka sai jiri ya ɗebe shi. Wannan kuwa ya hau ya ji shi shiru kamar ɗaki. Amininsa Alhaji Mai Taya ya yi ta yabo, wai jirgi ne dattijo, ba irin masu rawar kai ba. Kayanmu sun zo a makare, cikin jirgin ya cika, aka sa wasu a ƙasa, sauran aka yi ta jera su a sama hawa-hawa har suka wuce ɗakin direba.

Bayan la'asar na kawo abinci, washegari za su tashi. Abin da na fara lura da shi, Malam Jamus a tsaye yake. Ban taɓa ganinsa a tsaye a wurin ba. Wani babban jirgi mai jan wasu jirage ya wuce ya turo igiyar ruwa, duk jiragen da ke jere suka hau rawa suna gugar juna. Namu ya karkata a hankali, ya tsaya. Na ji kaina ina jira. Sai da na ji numfashina ya ƙare sannan ya taso. Ban buƙaci kowa ya yi mini bayani ba.

Ya ce, "Wa kike da shi a cikin wancan?"

Na ce yayana.

Ya ce, "Kai ni wurin babanki. Kuma yadda na faɗa haka za ki faɗa, kada ki sa sukari."

Baba yana zaune a kan kwali tare da 'yan kasuwa, an buɗe kula, hannu ya shiga miya. Turancinsa na ciniki ne, farashi da lambar kwantena, kuma ko ɗaga kai bai yi ya kalli Baturen ba. Malam Jamus ya yi maganarsa a taƙaice. Baba ya ce, "Me yake so?" Ina da hanyoyi da yawa. Zan iya cewa yana ba da shawara a rage kaya. Zan iya cewa yana gaisuwa ma, in ja shi mu tafi. Amma na san Baba, in aka lallaɓa magana sai ya ce Allah ya kiyaye ya ci gaba da cin tuwonsa.

Na ce, "Baba, ya ce in jirgin nan ya fita haka, kayanka ne za su kashe Yaya."

Hannuwa suka tsaya a cikin kwano. Alhaji Mai Taya ne ya fara magana, ya ce, "Ke, haka ake yi wa uba magana a gidanku? Wannan tsohon, gaibu ya sani?" Wani ya ce ai dama an faɗa mahaukaci ne. Yaya ya diro daga jirgi, ya cire tabaransa, ya ce in ɗauki kula in wuce gida kafin ya ɓata mini rai, wai baƙin ciki nake don ba ni za a tura ba. Ban motsa ba. Baba bai kalle ni ba, bai kalli Yaya ba. Ya sa aka kira nakuda, wato direban jirgin, wani gajeren dattijo mai jan gemu. Ya zo yana murmushi, yana cewa khalas, habibi, wato magana ta ƙare, abokina, shi tun kafin a haifi yarinyar nan yake tsallaka tekun nan, ko buhu bai taɓa yarwa ba. Malam Jamus ya cire malafarsa ya gaishe shi da guntun Larabcinsa, ya yaba ƙirar jirgin, sannan ya ce masa a hankali, ai kai ma ka ji shi a ƙafarka. Nakuda ya kawar da kai ya kalli ruwa. Wannan kawar da kan Baba ya gani.

Malam Jamus ya ce ba sai an yarda da shi ba. A sassauta igiyoyi, a tara leburori a gefe ɗaya na jirgin, su taka tare zuwa ɗaya gefen, su dawo, a gani. Alhaji Mai Taya ya ce wannan wasan yara ne, za a mayar da mu abin dariya a gaban Iraniyawa da Somalawa, waɗanda dama sun fara taruwa. Baba ya jawo buta ya wanke hannunsa, a hankali, yatsa bayan yatsa, kamar mai alwala. Sannan ya ce a yi.

Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar takun nan a kan katako. Suka taka zuwa dama, jirgin ya bi su a hankali. Suka koma hagu, ya bi su, ya ɗan zarce. Suna dariya, ana yalla yalla, wato maza maza. Da suka sake komawa dama sai ya kwanta, ya ci gaba da kwanciya bayan sun tsaya. Igiyar da ta ɗaure kayan sama ta yi wani irin kuka. Firiza ɗaya ta zame a can ƙololuwa ta tsaya da rabin jikinta a kan iska. Dariya ta ɗauke. Wani lebura ya durƙusa ya rungume ƙarfe. Ruwan mashigin nan kuwa lumui yake, ko iska babu. Muna tsaye muna kallon cikin jirgin da ya fito daga ruwa, kore shar da gansakuka. Ban san tsawon lokacin ba. Daga ƙarshe ya taso, a hankali, kamar tsohon da ke tashi daga tabarma.

Kayan sama namu ne, su aka sa a ƙarshe, don haka su ne za su sauka. Alhaji Mai Taya ya matso yana yi wa Baba raɗa, amma kowa na ji: azumi ya ƙarato, babu wani jirgin kafin nan, mutumin Sudan ba zai jira ba, kuma ai ga shi jirgin ya miƙe. Baba ya juyo, a karo na farko ya dube ni, ya ce, "Tambaye shi, hawa nawa za a sauke?"

Na tambaya. Malam Jamus ya ce, "Gaya masa ya hau ya tsaya a kai. A yi ta saukewa har sai jiri ya kama shi."

Haka aka yi. Baba ya tattare babbar rigarsa ya hau, ya tsaya a tsakiya, ana sauke arzikinsa kwali bayan kwali a gaban jama'a. Can wani kwale-kwale ya wuce, jirgin ya yi firgigit, Baba ya yi taga-taga ya cafki igiya, fuskarsa ta canza. Malam Jamus ya mayar da malafarsa ya koma kan ƙarfensa ya zauna.

Yaya ya tafi da abin da ya rage a ƙasa, ko sallama bai yi mini ba. Kwanakin da suka biyo baya Umma da waya a hannu take tuƙa tuwo, in ta yi ƙara sai muciya ta faɗi. Babu sabis a teku, babu wanda za a tambaya. Ni kuwa ga tsoro ga fushin gida, don Baba ya daina yi mini magana sai dole. Firizojin suna zube a bakin ruwa ƙarƙashin tamfol, rana tana cin kwalayen, duk wanda ya wuce sai ya nuna. Ranar da Yaya ya kira, Umma ta zauna a ƙasan kicin tana hamdala. Shi kuwa ƙorafi yake: wai iska ta same su bayan sun wuce gaɓar Oman, jirgin ya yi ta jijjiga su kamar doki, ya yi amai har ya ga kore, duk laifin Baturen nan da ya lalata musu jirgi mai natsuwa. Amma dai sun isa, ba abin da ya faru.

Ba abin da ya faru. Wannan maganar ita ta zagaye Deira. Azumi ya wuce, mutumin Sudan ya koma hulɗa da wani, aka karyar da firizojin, Baba bai sake tsayawa da ƙafarsa a kasuwa ba, ya koma yi wa wasu dillanci har ya gaji ya koma Kano. Bai taɓa ce mini na yi daidai ba, bai kuma taɓa cewa na yi laifi ba. Ni ce na kasa haƙuri, na je na sami Malam Jamus na ce masa ana yi masa dariya, ya tashi ya kare kansa. Ya tambaye ni ko yaron ya sauka da ƙafarsa. Na ce eh. Ya ce to shi ke nan, shi duk aikin da ya yi a rayuwarsa, in ya yi kyau ba a samun labari a ciki. Na ji haushin amsar nan, har yanzu ma ina ji.

Da aka fara kwashe jiragen daga mashigin, sai ya rage ba shi da abin kallo. Rannan na je na tarar da ƙarfen babu kowa. Mai shayin wurin ne ya ce 'yarsa ta zo ta tafi da shi, shi ne kuma ya gaya mini rasuwarsa a 'yan kwanakin nan, da na bi ta wurin daga ofishin kago, na jigilar kaya, da nake aiki a Al Khabaisi.

Ranar Juma'ar da ta wuce na faɗi rasuwar a gidan Umma, 'yan kasuwa sun cika falo suna cin tuwo. Aka ce Allah sarki, sai kuma aka ɓarke da dariya, aka sake ba da labarin yadda Bature ya sa leburori rawa. Yaya, wanda yanzu shi ne Alhajin, ga mata ga 'ya'ya, ya fi kowa dariya. Cikin hirar ne ya ce yana da lodi kafin azumi, kuma da kansa zai raka. Ya ce ya samu wani jirgi, ya hau ya gani ana cikin lodi, ko kofin shayi ka ajiye ba ya zuba.

Na ajiye tiren da ke hannuna. Na ce, "Yaya, maimaita abin da ka ce."

Ya ce, "Ke dai ba kya girma. Yanzu ai da na'ura ake komai, akwai masu dubawa, akwai takarda. Zamanin baho ya wuce."

Wataƙila akwai. Amma ni a kago nake aiki, na san motar ƙarshe takan iso bayan an gama duba komai, na kuma san yadda ake cewa shwaiya kawai, ɗan ƙari ne, a ɗora a sama. Umma tana bakin ƙofar kicin da muciya a hannu, ni kawai take kallo.

Na riga na sa an yi mini takardar shiga tashar ta ofishinmu, ban gaya masa ba. Ranar da za a gama lodin zan ɗauki hutu in je in tsaya a bakin ruwa in jira wani jirgi ya wuce ya turo igiyar ruwa. In nasa ya yi firgigit, in juyo gida, ya je ya yi amansa. In kuwa ya kwanta ya tsaya tunani, zan hau kan katakon da ake bi a shiga jirgin in zauna a tsakiya, in faɗi maganar da ƙarfi a gaban kowa yadda na faɗa wa Baba, ba sukari. Ya daina yi mini magana in ya ga dama. Ai sai mai rai yake gaba.